Farar wuta, silfat, jips ko SSP: wanne ya dace da gonarka?

Salamu alaikum 'yan uwa manoma da masu lambu. Tambayar da ake yawan yi mini kwanan nan, musamman masu albasa na wajen Pitoa da Meskine da kuma masu gyaɗa, ita ce wai an ce musu ƙasarsu ta rasa sufur, wato sinadarin da ke cikin farar wuta, to wanne zasu saya, tunda in ka shiga shagon masu angire, wato takin zamani, a Garwa ko Marwa zaka iske abu kusan kala biyar kowanne da harafin S a jikin buhunsa, wani an rubuta 90, wani 24, wani 18, wani 12, wani ma 5 kawai, wato kason sufur cikin 100 kenan, mutum kuma da ya ga 90 sai ransa ya ba shi ai wannan shi ne mai ƙarfi. To ba haka abin yake ba. Shuka bata cin farar wuta yadda take ɗin nan rawaya, sai ta koma silfat ta narke cikin ruwan ƙasa sannan saiwa ke iya jan ta, saboda haka abin dubawa shi ne yaushe abin da ka zuba zai kai bakin saiwa, kuma me zai yi wa ƙasarka kafin ya kai. Wannan kuwa ya danganta da irin ƙasar da kake nomawa da lokacin da kake ciki.

Amma kafin a je ga sayayya, ka tabbata ma sufur ɗin ne matsalar. Rashin azot, wato naitirojin, da rashin sufur duka ganye suke mayarwa rawaya, shi yasa ake rikita su. Ka tsuguna ka kalli tushe ɗaya da kyau. In ganyen ƙasa, tsofaffin, su ne suka fara yin rawaya amma na sama na nan shar, wannan azot ne, domin shuka na iya kwashe azot daga tsohon ganye ta kai wa sabo. In kuwa sabon toho na can sama shi ne ya koɗe ya yi fari-fari, kara ya yi siriri, tsofaffin ganye kuma da sauran korensu, to ka zargi sufur, don shi ba ya saurin tashi daga tsohon ganye. Abin da ke ba ni takaici shi ne ka ga mutum ya ga wannan alama sai ya ƙara yuriya, yuriya kuma azot ce kashi 46 cikin 100 babu sufur ko ɗigo a cikinta, kuɗi sun tafi ganye bai canza ba. Shuka tana gina furotin da su biyun ne tare, wajen kashi 15 na azot kashi 1 na sufur, in ɗayan ya yanke sai aikin ya tsaya komai yawan ɗayan. Kuma mu nan dalilan rashinsa a fili suke, jigawa ba ta riƙe silfat ruwan Agusta na wanke shi zuwa ƙasa, muna kwashe kara da harawa kaf mu kai wa dabbobi, abin da ya rage kuma a cinna masa wuta sufur ɗin da ke ciki ya bi hayaƙi, ga shi an koma ga yuriya da DAP, takin nan mai azot da fosfor, waɗanda kusan babu shi a ciki.

To mu fara da ita farar wutar kanta, don in ka gane halinta sauran duk sauƙi ne. Ita ce dai wadda kake gani a tabarmar masu magani a kasuwa, dunƙule rawaya. A jadawalin sinadarai lambarta 16, alamarta S, kuma tun wajen 1777 masanin nan na Faransa Lavoisier ya gamsar da sauran masana cewa sinadari ce mai zaman kanta ba haɗin wasu abubuwa ba. In ka ɗauki dunƙulen zaka ji ya fi ruwa nauyi sau biyu da ɗan kai, amma ba shi da tauri, da ɗan bugu yake farfashewa ya zama gari. Ka damƙe shi a tafin hannu ka kai kusa da kunne, zaka ji yana ƙas ƙas a hankali, zafin hannunka ne ke buɗa bayansa alhali cikinsa na nan da sanyi saboda zafi ba ya ratsa shi da wuri, sai ya riƙa tsagewa. Tsantsarta kusan ba ta da wari, warin ruɓaɓɓen ƙwai da mutane ke jingina mata na wata iska ce da sufur ke yi in ya haɗu da haidirojin. Tana narkewa a digiri 115, ta zama ruwa rawaya tsararo, in zafi ya wuce wajen 160 sai ta yi ja ta yi kauri tana yauƙi, tana tafasa a wajen 445. In ta kama wuta harshen shuɗi ne wanda da rana da ƙyar ake ganinsa, hayaƙin kuma shi ne mai shaƙe maƙogwaro ɗin nan kamar na ashana sabon ƙyastu. Yau mafi yawan wadda ke duniya ba daga dutse ake haƙo ta ba, daga matatun mai da gas ake cire ta lokacin tace su.

Halinta da ya fi shafar manomi guda ɗaya ne, ba ta narkewa a ruwa. Ka zuba garinta a kofi ka juya har hannunka ya gaji, wani zai taso sama ko jiƙewa bai yi ba, wani ya kwanta a ƙasa, ruwan na nan yadda yake. To a gona ma haka take zama, sai wasu ƙwayoyin halitta na cikin ƙasa, irin waɗanda ake kira Thiobacillus da 'yan uwansu, sun bi ta sun ci sun mayar da ita silfat. Kamar dawa ce tsaba a rumbu, abinci ne ba shakka amma sai an surfa an niƙa an tuƙa, silfat kuwa tuwo ne a kwano. Su waɗannan halittu abu uku suke so, danshi da ɗumi da iska. Ɗumi dai Allah Ya hore mana, amma danshi fa? Daga Nuwamba har zuwa Afrilu ko Mayu ƙasar tudu a bushe take ƙamas, in ka watsa farar wuta a wannan tsakanin zaka dawo ka same ta rawaya inda ka bar ta. Sannan girman ƙwayar ma na da magana, saboda daga waje suke cin ta, gari mai laushi kan iya juyewa cikin makonni zuwa 'yan watanni in ƙasa na da laima, amma tsakuwa-tsakuwa irin wadda aka daddaka sama-sama a turmi tana iya shekara da shekaru bata gama ba. Shi yasa masu sarrafa ta ke haɗa ta da wata laka mai kumbura su yi ta 'yan ƙwayoyi, irin mai lamba 90 ɗin kenan, in ruwa ya taɓa sai lakar ta kumbura ƙwayar ta tarwatse ta koma gari. Duk da haka ba abin gaggawa bane. Wanda masararsa ta koɗe yau ya je ya sayi wannan, wallahi har ya girbe bai ga amfaninta ba, sai dai na baɗi.

Sai abu na biyu, lokacin da halittun nan ke juya ta asid suke fitarwa, ainihin irin wanda ke cikin ruwan batir, kilo 1 na farar wuta na ba da wajen kilo 3 na asid ɗin. A hankali yake fita ba zai ƙona maka gona ba in ka zuba daidai, amma yana ƙara wa ƙasa tsami, kuma nan ne ake rabuwa. Mai jigawa a kudancin Garwa wanda ya shekara da shekaru yana zuba yuriya a auduga da masara, ƙasarsa dama ta fara tsami, ƙara mata farar wuta da yawa cutarwa ce. Mai lambun da ƙasarsa ke da kanwa-kanwa ko farar ƙasa, pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya haura 8, ganyen lemo da gwaiba na yin rawaya da koren jijiya saboda ƙarfe da zinki sun ɗaure, shi kam wannan tsamin ne yake nema. Amma shi ma kar ya sa rai zai juya fili gaba ɗaya, don kilo 1 na farar wuta farar ƙasa kilo 3 kawai yake iya cinyewa, ƙasar da ke cike da ita kuwa tan-tan ne a kowace ekta. Abin da ke yiwuwa shi ne a gindin bishiya, ka yi mata zobe daidai inda inuwar rassa ta tsaya ka cakuɗa garin da ƙasa da takin gida ka riƙa ban ruwa.

Silfat na amoniyak shi ne kishiyar wannan ta kowace fuska. Ƙwayoyi ne farare ko ruwan toka kamar sukari mai gautsi, azot 21 sufur 24, kuma narkewa yake nan take, lita ɗaya ta ruwa na iya shanye fiye da giram 700. Ka zuba yau aka yi ruwa ko ka tada motopom, gobe yana bakin saiwa, in har sufur ne matsalar cikin mako ɗaya zuwa biyu zaka ga sabon ganye ya dawo da launinsa. A ganina ga yawancinmu masu masara da dawa da shinkafa da kayan lambu, in shuka ta riga ta fito, wannan shi ne zaɓin farko babu dogon tunani. Kuma ba sai ka bar yuriya ba, ka dai maye wani kaso nata da shi, sai dai ka riƙe lissafin nan, buhu ɗaya na yuriya mai kilo 50 azot kilo 23 ne, buhun silfat kuma kilo 10 da rabi, kaga in ka musanya buhu da buhu ka rage wa gonarka azot fiye da rabi baka sani ba. Aibinsa guda uku ne da na sani. Cikin takin azot da muke amfani da su shi ya fi kowa tsamar da ƙasa, in aka dimanci shi kaɗai shekara bayan shekara a jigawa ba takin gida zai gajiyar da ita. Saurin narkewar nan tasa ita ce kuma ke sa mamakon ruwa ya tafi da shi, don haka a yashi raba shi biyu ya fi a zuba gaba ɗaya. Sannan a ƙasa mai farar ƙasa in ka watsa shi a sama ka tafi, azot ɗin na tashi iska, sai an binne. Kar kuma a cakuɗa shi da toka ko farar ƙasa a kwano ɗaya, da kanka zaka ji warin amoniyak na tashi, wannan warin kuɗinka ne ke fita.

Ga masu gyaɗa da wake da waken suya kuwa labarin ya canza, su ba azot suke nema sosai ba tunda suna da 'yan ƙulle-ƙullen nan a saiwa masu samo musu shi daga iska, in ka cika musu sai su tafi ganye. Nan jips ya shigo. Shi dutse ne fari mai laushi, farce ma na karce shi, kalsiyom da silfat ne a haɗe da ruwa a jikinsu, tsantsarsa sufur wajen 18 kalsiyom wajen 23, na kasuwa kan gaza haka kaɗan. Narkewarsa tsaka-tsaki ce, giram 2 da ɗan kai a lita, wato ba ya zama kurum kamar farar wuta kuma ba ya gudu kamar silfat na amoniyak, yana ta saki kaɗan kaɗan har damina ta wuce, kuma baya taɓa tsamin ƙasa sosai, bai ƙara ba bai rage ba. Abin da yasa nake son shi ga gyaɗa, ita gyaɗa in ta yi fure ta soka 'yan ƙafafun nan cikin ƙasa, ɓawon da kansa yake tsotsar kalsiyom daga ƙasar da ke kewaye da shi, wanda saiwa ta ja zuwa ganye ba ya dawowa ƙasa gare shi. In babu kalsiyom a wannan ɗan saman, ka tona ka ga gyaɗa ta yi 'ya'ya bulbul ka yi murna, ka matsa ɓawo ka ji fanko, ko ƙwaya ta motse da baƙin tabo a ciki. Don haka ana barbaɗa shi ne a kan kunya lokacin da fure ya fara, ba lokacin shuka ba, galibi ana maganar kilo 200 zuwa 400 a ekta.

Jips yana da wani aikin da sauran basu iya ba, gyaran ƙasar da sodiyom ya kashe. Duk wanda ya bi hanyar Marwa zuwa Mora ko wajen Kaele ya san filayen nan da Fulani ke kira harde, fako tas, ruwa ya sauka ya gudu ko ya kwanta a sama bai shiga ba, in ya bushe gatari ma tsalle yake. Ba kowane harde ne sodiyom ya jawo ba, wani zaizaya ce da takun dabbobi da sare itace, shi wannan sai kan dutse da ramuka da takin gida. Amma inda sodiyom ne, da kuma gonakin bakin Tafkin Cadi irin na wajen Bol inda kanwa ke tasowa, kalsiyom ɗin jips yana ture sodiyom daga jikin laka, lakar ta dunƙule ta buɗe ƙofofi ruwa ya samu hanya. Sharaɗi dai sai akwai ruwan da zai wanke sodiyom ɗin da kuma inda zai tafi, in ruwan ƙasa na kusa kuma ba magudana gishirin dawowa yake. Kuma a nan ba maganar buhu biyu ake ba, tan ake yi. Wani zai ce to farar wuta fa, tunda ita ma ana gyara irin wannan ƙasa da ita? E ana yi, amma sai in ƙasar na da farar ƙasa a cikinta, asid ɗin ya ci ta ya haifar da jips a nan take, a lissafi tan 1 na farar wuta na tsaya wa tan 5 da ɗoriya na jips, wanda ga mai biyan kuɗin mota daga nesa ba ƙaramin abu bane. In babu farar ƙasar kuwa bata da inda zata samo kalsiyom. Gwajin mai sauƙi ne, ɗebo busasshiyar ƙasa ka ɗiga mata binega, in ta yi kumfa tana shuuu akwai, in shiru babu. Matsalar jips a wajenmu samu ne, ba kowane shago ke ajiye shi ba. Filasta ta masu silin asalinta jips ce aka gasa, amma in ruwa ya taɓa ta daskarewa take ta zama dutse, tarkacen tsohon silin kuma da fenti da zare a jiki, ni dai bana ba da shawarar a kwasa a kai gona.

SSP, wato sufa-fosfat, shi ne tsohon takin gyaɗa da iyayenmu suka sani, toka-toka, fosfor 16 zuwa 20, sufur 11 zuwa 12, ga kalsiyom, a gaskiya kusan rabinsa ma jips ne. In ƙasarka na son fosfor, kuma yawancin jigawarmu na so, to buhu ɗaya ya ba ka abu uku, a zuba shi wajen shuka a binne kusa da iri don fosfor baya tafiya. Ga gyaɗa da wake in an same shi mai kyau na fi son shi a kan DAP nesa ba kusa ba. Silfat na fotas kuma, fotas 50 sufur 17 zuwa 18, kaya ne mai kyau amma mai tsada, na mai tumatir da dankali da albasa ne wanda ruwan rijiyarsa dama da ɗan zartsi kuma baya son ƙarin kulorin da ke cikin jan fotas. Don sufur kaɗai bai kamata a saye shi ba.

Masu auduga ku kuma ku duba buhunku da kyau. Angiren da ake bayarwa ta hannun kamfanin auduga na Sodecoton irin 22-10-15-5-1, lamba ta huɗu sufur ce, ta biyar boron. Buhu ɗaya a kar ɗaya (kwatan ekta), wato kilo 200 a ekta, ya ba ka sufur kilo 10. Shi yasa masarar da ta biyo bayan auduga ko wadda aka ba wannan angire ba ta cika nuna alamar ba, amma gonar da ta daɗe tana cin yuriya tsura ko NPK marar S ita ke nunawa.

Yanzu lissafin aljihu. Mu ɗauka kana son sufur kilo 20 a ekta. Da farar wuta mai 90 kilo 22 ya isa, da silfat na amoniyak kilo 83 ko 84, bai kai buhu biyu ba, da jips wajen kilo 110 zuwa 125, da SSP wajen kilo 170 zuwa 180, da angiren auduga kilo 400. A takarda farar wuta ta lashe, rabin buhu a bayan mashin ka wuce. Amma ka tuna kilo 83 ɗin silfat sun zo maka da azot kilo 17 wanda dama zaka saya, SSP ya zo da fosfor, to sai ka cire kuɗin waɗannan daga farashin buhun sannan ka ga nawa sufur ɗin ya tsaya maka a sefa, sau da yawa zaka ga kusan kyauta ya zo. Ita kuwa farar wuta ita kaɗai ta zo, kuma bana ba lallai ka ci rabin amfaninta ba. Wanda gonar tasa ce ta gado zai iya jira. Wanda ya yi hayar fili na shekara ɗaya, in ya zuba ta mai fili ya yi wa aiki.

Albasa ta cancanci a tsaya a kanta, don tana cikin masu cin sufur da yawa, ita da tafarnuwa da kabeji. Yajin nan nata da hawayen da take sa mai yanka duk daga sinadaran sufur suke, albasar da bata samu ba sai ta fito lami. Daga dashe zuwa cira wata uku zuwa huɗu ne, kaga farar wutar da aka zuba ranar dashe ta makara duk da cewa akwai ban ruwa, balle ga sanyin Disamba da Janairu da ke rage wa halittun nan kuzari. In ita kake so sai dai tun cikin damina ka haɗa ta da takin gida a filin. Abin da nake gani ya fi shi ne SSP ko angire mai S a ƙasa wajen gyaran fangali, sannan silfat na amoniyak a zubi na farko da na biyu. Da ta fara ɗaura kai ka tsaya da duk wani mai azot, in ba haka ba wuya ya yi kauri ya ƙi bushewa, ka zuba albasarka irin Goudami a rumfa da niyyar jiran farashi ya tashi ka dawo ka iske ruɓa ta fara daga wuya. In har kana ganin da sauran buƙata a ƙarshen, jips ko silfat na fotas, su babu azot.

Masu shinkafa a Lagdo da Yagwa da Maga, farar wuta ba ta cika dacewa da ku ba, ƙasar da ruwa ya kwanta a kai iska kaɗan ce a cikinta, halittun da ke juya ta basa aiki sosai. Silfat na amoniyak ya fi, amma shi ma da awo, don a fadamar da ciyawa ta ruɓe da yawa kuma ruwa ya daɗe bai motsa ba, silfat na iya komawa iskar nan mai warin ƙwai, ka tuge shinkafa ka ga saiwa ta yi baƙi tana wari, in ka ga haka sai a sauke ruwa ƙasa ta sha iska. Masakwa kuwa, dawar rani da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka da ruwa ke kwanciya a kai da damina, da ragowar laima take rayuwa, ba ruwan sama da zai narkar da abin da aka watsa bayan dashe, a nan ban ga dalilin kashe kuɗi a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Inda farar wuta ta yi zarra babu mai ja da ita shi ne feshi. Akwai mai jiƙuwa da ake sayarwa a leda, galibi kashi 80, an niƙa ta luƙwi an sa mata abin da zai sa ta gauraya da ruwa a famfo. Ga farin ƙurar nan da ke hawa ganyen kuɓewa da tumatir da furen mangwaro lokacin hunturu, da jan gizo-gizon tumatir, tana aiki ƙwarai in an fara da wuri kafin abu ya ci ƙarfi, kuma silfat ko jips basa wannan aiki ko kaɗan, sai ita tsantsar. Amma don Allah a kula da zafi, in rana ta haura digiri 30 zuwa 32 tana ƙona ganye, mu kuma Maris da Afrilu a Marwa da Kusiri da Njamena 40 muke wucewa, saboda haka a lokacin sanyi ake yinta kuma da yamma liƙis, in bazara ta kama a ajiye. Kar a haɗa ta da maganin feshi mai mai, kar ma a yi su kusa da juna sai an ba da tazarar mako biyu ko fiye. Kankana da kokwamba da guna wasu irinsu basa jure ta, a gwada a tushe biyu uku a jira kwana biyu. Kuma ta tabarmar masu magani ko ka daka ta bata zama ta feshi, toshe maka bakin famfo kawai zata yi.

In ka je saye, musamman kayan da aka buɗe ana awo a kwano, ka tafi da gorar ruwa da ɗan binega. Silfat na amoniyak ya narke tas, in yashi ya kwanta a ƙasan gora an yi masa haɗi. Jips ba zai yi kumfa da binega ba ko ya yi kaɗan ne, in ya tafasa farar ƙasa aka ba ka. Farar wuta kuma ka murza a yatsa, in kana jin tsakuwa to ka san jiranka zai yi tsawo. Wajen ajiya ita ce mai son a yi hattara, garinta na kama wuta da ɗan tartsatsi, ƙurarta in ta cika ɗaki tana iya tashi bal gaba ɗaya, ba a kai ta injin niƙa, ba a ajiye ta kusa da murhu ko janareta ko takin da ke da nitrat, kuma in ta kama a fitar da yara da masu asma nesa da hayaƙin sannan a kashe da yayyafin ruwa ko a rufe da yashi. Mai watsa garin ya rufe hanci ya kare ido, don tana sa ido raɗaɗi sosai, in an gama a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a taɓa abinci.